Hasken Ciko a Hoto da Fim

Da wuya a sami ɗalibi ko malami a kwalejin nan wanda ba shi da kyamara a aljihu, tun da ya ke kusan kowace waya tana da ita. Amma fa riƙe kyamara daban, iya ɗaukar hoto daban. Sau nawa a kan tara 'yan aji a fili ran bikin ba da takardun shaida, a ɗauki hoto, in an duba sai a ga riguna sun fito fes, huluna sun fito, har ginin da ke baya ya fito, amma fuskoki sun zama baƙin dunƙule, ba ido ba hanci? Mutum ya yi shekara 3 yana fama da karatu, ga rana wadda ba za ta komo ba, amma mahaifiyarsa ba ta iya gane shi a hoton sai ta rigarsa. Waɗansu su ce kyamarar ce ba ta da kyau, waɗansu su ce ai baƙar fata ba ta karɓar hoto. Duka biyu ba su ne ba. Abin da aka rasa shi ne hasken ciko, shi ne kuwa darasinmu na yau.

MA'ANARSA

Kowa ya san ciko a kasuwa. In an auna maka gero, mudu bai kai baki ba, ɗan abin da mai awo ya ƙara don ya cika shi ne ciko. Ciko bai kai ainihin awon yawa ba, amma in babu shi awo bai cika ba. To, haka abin ya ke ga haske.

Duk abin da za a ɗauki hotonsa, akwai wani haske guda da ya fi ƙarfi a kansa. In a fili ne, rana ce. In a ɗaki ne, taga ce ko fitila. Wannan shi za mu kira babban haske. Shi ke fito da siffar abu, gama in ya bugi gefe guda sai ɗaya gefen ya shiga inuwa, da hasken da inuwar nan kuwa ido ke gane hanci ya taso, kumatu suna da tudu, goshi yana da faɗi. Amma sau da yawa inuwar ta kan yi duhu ƙwarai har ta haɗiye abin da ke cikinta. Sai a kawo haske na biyu, marar ƙarfi, a zuba cikin inuwar don abin da ke ciki ya bayyana. Wannan na biyun shi ne hasken ciko.

Ku lura da abu 2. Na fari, aikinsa shi ne ya sassauta inuwa, ya bar ta a wurinta. In ya kashe ta ɗungum, sai fuska ta zama a shafe kamar faifai. Na biyu, bai kamata ya yi tasa inuwar ba. In kun dubi hoto kuka ga hanci da inuwa 2, ɗaya dama ɗaya hagu, to ciko ya wuce gona da iri. Ciko mai kyau kamar gishiri ya ke a miya, ba a ganinsa, sai ran da babu shi a ke sanin amfaninsa.

Akwai haske na uku da a kan sa daga bayan mutum, ya zana masa siririn haske a kafaɗa da gefen kai don ya rabu da bango. Shi ne hasken baya. Su ukun nan, babba da ciko da na baya, tun cikin shekarun 1920 suka zama ƙa'ida a wuraren shirya fim na Holiwud a Amurka, har yau kuma da su a ke fara koya wa almajirin sana'ar.

ABIN DA YA RABA IDO DA KYAMARA

Wataƙila wani ya ce, "To, ai ni da na tsaya a filin na ga fuskokin sarai. Me ya hana kyamara ta gani?" Amsar ita ce, ido ba ya kallon kome da kome a lokaci guda. Yawo ya ke yi, yana tsalle daga wuri zuwa wuri. In ya sauka kan farar riga sai ya rage karɓar haske, in ya koma ƙarƙashin hula sai ya ƙara, ƙwaƙwalwa kuma ta harhaɗa abin da aka gani ta ba ka sura guda cikakkiya, ba ka ma san an yi aiki ba. Kyamara kuwa awo guda ta ke yi wa hoton duka. In ta auna don riga, fuska ta yi duhu. In ta auna don fuska, riga da sararin sama su ƙone su yi fari fat.

Masu hoto suna auna haske da mataki. Ƙarin mataki 1 ninki 2 ne, mataki 2 ninki 4, mataki 3 ninki 8. Tsakanin wurin da rana ke duka da inuwar gini a kan sami wajen mataki 3. In kuwa aka haɗa da bambancin farin yadi da baƙin gashi, tazarar da ke tsakanin wuri mafi haske da mafi duhu tana iya wuce ninki 1,000. Takardar hoto kuwa, kome kyanta, farinta bai fi baƙinta da abin da ya wuce ninki 100 ko kusa da haka ba. Kun ga ke nan tilas wani abu ya salwanta, sai fa in an rage tazarar tun kafin a danna. Rage tazarar nan shi ne aikin ciko.

Mu a nan abin ya fi damunmu. Nijeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, sabo da haka da tsakar rana, rana kusan tsaye ta ke bisa kai. Hasken da ya sauko daga sama tsaye kuwa ba ya shiga kwarmin ido, ba ya shiga ƙarƙashin haɓa, balle ƙarƙashin malafa ko ɗankwali ko rawani.

CIKON DA BA MUTUM YA YI BA

Kafin mu zo ga fitilu, bari mu dubi cikon da ke cikin halitta. In kun tsaya a inuwar ɗaki da rana, kuna iya karanta littafi. Rana ba ta taɓa ku ba, to ina hasken ya fito? Ya fito daga shuɗin sama, da ƙasa, da bangon da ke kusa. Iska tana warwatsa wani kashi na hasken rana ko'ina, ƙasa da bango kuma suna mayar da abin da ya faɗo musu. Shi ya sa inuwa a hoto mai launi ta kan ɗan ja zuwa shuɗi, domin sama ce ke cika ta. Da hunturu kuwa, in hazo ya sauko, ƙurar ta kan ƙara warwatsa hasken, inuwa ta yi laushi. Ranar hadari ma haka.

Ga wani misali da kowa zai iya gani ba ko kwabo. In jinjirin wata ya kwana 2 ko 3, ku dube shi sosai bayan magariba. Ban da siririn laujen nan mai haske, za ku ga sauran jikin watan yana nan, da'ira cikakkiya, da wani haske dishi-dishi mai ruwan toka. Rana ba ta haska wannan gefen ba. Haskenta ne ya faɗo bisa duniyarmu, duniya ta mayar da wajen kashi 30 cikin 100 sama, ya bugi gefen watan da ke cikin duhu, ya komo idonmu. Watau rana ce babban haske, duniya ce ciko. Leonardo da Vinci, mutumin Italiya, ya bayyana wannan wajen 1510. Shi ya zaci tekuna ne ke mayar da hasken, yau kuwa an san gizagizai sun fi yin aikin.

A watan Yuli 1969 Neil Armstrong ya ɗauki hoton abokin tafiyarsa Buzz Aldrin yana saukowa daga tsani zuwa bisa wata. Aldrin yana cikin inuwar kumbonsu, can kuwa babu iska, babu shuɗin sama, amma ga shi ya fito sarai. Waɗansu suka ce lalle da fitila aka haska shi, sabo da haka a duniya aka yi hoton. Ba su san ciko ba ne. Ƙasar watan da rana ke duka ita ta mayar da haske cikin inuwar, tufafinsa kuma farare ne.

YADDA A KE AUNA SHI

Yanzu sai ɗan lissafi, ba mai wuya ba. Abin da a ke aunawa shi ne, sau nawa gefen fuska mai haske ya fi gefen inuwa? In ya fi shi sau 3, sai a rubuta 3:1.

Wurin fitilar ciko kusa da kyamara ne, daidai tsayinta ko sama kaɗan, a gefen da babu babbar fitila. Dalili shi ne, inuwar da ta yi sai ta faɗa bayan mutum inda kyamara ba ta gani. Tun da kuwa daga gaba ta ke, haskenta yana sauka a gefen fuska duka biyu. Gefen inuwa ya sami ciko kaɗai, gefen haske ya sami babba da ciko a haɗe.

Sai ku riƙe wata ƙa'ida: in an ninka nisan fitila sau 2, haskenta ba rabi ya ke komawa ba, kashi 1 cikin 4 ya ke komawa, domin ya bazu bisa fili mai girma ninki 4. To, a ce muna da fitila 2 iri ɗaya. Mu kafa babbar a gefe, ƙafa 8 daga fuskar mutum, mu riƙa ja da ta ciko baya.

1. Ciko a ƙafa 8: ƙarfinsu ɗaya. Gefen haske ya sami 2, gefen inuwa 1, watau 2:1. Inuwa kaɗan ce ƙwarai.

2. Ciko a ƙafa 11: ya zama rabin babba. Gefen haske 3, gefen inuwa 1, watau 3:1. Wannan shi masu shagon hoto suka daɗe suna so ga hoton mutum, domin siffa ta fito, kome kuma yana ganuwa.

3. Ciko a ƙafa 16: ya zama kashi 1 cikin 4. Sai a sami 5:1. Inuwa ta fara nauyi.

4. Ciko a ƙafa 22: ya zama wajen kashi 1 cikin 8. Sai a sami kusan 9:1. Rabin fuska ya kusa nutsewa cikin duhu.

Wanda ba shi da ma'aunin haske, ga dabara: ya runtse idonsa har ya rage kaɗan, ya dubi fuskar. Runtsewa ta kan sa inuwa ta yi duhu kusan yadda kyamara za ta gan ta. In ido da gira sun ɓace, a ƙara ciko.

ABUBUWAN DA A KE YIN CIKO DA SU

Kada ku ce sai mai kuɗi. Mafi yawan ciko ba ya bukatar lantarki.

Na fari, farin abu mai faɗi: kwali fari, zanen gado, farin yadi, ko allon da aka shafa wa farin fenti. A riƙe shi a gefen inuwa, a karkata shi har hasken rana ko na taga ya faɗa kansa ya koma fuska. In an matso da shi ciko ya ƙaru, in an ja da baya ya ragu. Wannan ya fi dacewa da mai koyo, gama yana ganin abin da ya ke yi da idonsa, kuma farin kwali ba ya mayar da fiye da abin da ya samu.

Na biyu, abu mai ƙyalli, kamar takardar azurfa da a ke naɗe abinci da ita. A cukuikuye ta tukuna, a warware, a manna bisa kwali. Haskenta ya fi na farin yadi ƙarfi, yana kuma kai wa nesa. Irinsa ne za ku ga yaro yana riƙe da shi in kun tarar ana ɗaukar fim a Kano ko Jos ko Legas. Amma a yi hankali, yana kashe ido, mutum ya yamutse fuska. Madubi kuwa bai dace ba sam, domin rana ta biyu ya ke zama.

Na uku, fitilar walƙiya ta jikin kyamara. Mutane suna zato don dare kaɗai aka yi ta, alhali da tsakar rana ma tana da aiki. In mutum yana sanye da malafa, ko rana tana bayansa, a kunna ta a rage mata ƙarfi da mataki 1 ko 2, sai ta buɗe fuskar ba tare da an gane an yi amfani da ita ba. Illarta ita ce ba ta kai wa nesa. Ta waya kuwa, da rana, sai mutum yana dab da kai.

Na huɗu, wurin da kansa. Farin bango, yashi, simintin fili, duk ciko ne wanda ya riga ya kafu. Wannan shi ne maganin hoton taro, domin babu kwali ko fitilar walƙiya da za ta ishi mutum 40. A kai su inuwar dogon gini, su juya wa ginin baya, su fuskanci buɗaɗɗen sama ko wani farin bango da rana ke duka. Ko kuwa a ɗauka da hantsi ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta karkata. Kada a tsai da su ƙarƙashin itacen da rana ke ratsa ganyensa, don kada fuskoki su yi dabbare-dabbare.

Ciko yana da kishiya, sunanta ragi. Wani lokaci haske ya kan zo daga ko'ina har fuska ta rasa siffa, kamar ranar da gari ya lumshe. Sai a riƙe baƙin zane kusa da kunci guda, ya tare hasken da ke zuwa ta nan, inuwa ta samu.

Wayoyin zamani su kan ɗauki hoto da yawa cikin ƙiftawar ido, wani mai haske wani mai duhu, su haɗa su wuri guda don inuwa ta buɗe. Dabara ce mai amfani, amma ba ta ƙara haske bisa fuska. In inuwar ta yi tsanani, wurin da aka buɗe ya kan fito tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi. Ba ta kuma sa ɗan ɗigon hasken nan a ƙwayar ido, wanda shi ke sa a ga mutum da rai a hoto. Farin kwali yana yin duka biyu.

YAWAN CIKO MAGANA NE

A nan ne abin ya wuce gyara ya zama zaɓi. Yawan cikon da aka sa yana faɗa wa mai kallo yadda zai ɗauki mutumin da ke cikin hoton, tun bai buɗe baki ba.

Dubi mai karanta labarai a talabijin. Cikonsa da yawa, fuskarsa a buɗe, ba abin da ke ɓoye, don a amince da shi. Wasan ban dariya ma haka a kan haska shi. Hoton fasfo kuwa, ƙa'idar duniya ta ce haske ya zama bai ɗaya, kada inuwa ta ratsa fuska, domin jami'i da na'ura su iya gane mai shi. Wannan ya shafi kowane malami da zai ɗauki yara hoton rajistar jarrabawa. Hoto mai rabin fuska a duhu yana iya jawo wa yaro wahala a ƙofar ɗakin jarrabawa.

Ɗaya gefen kuma, a shekarun 1940 aka yi yayin finafinan 'yan sanda da masu laifi a Amurka da Ingila, inda a kan rage ciko ƙwarai, wani lokaci a cire shi. Sai a ga rabin fuska a duhu, inuwa doguwa bisa bango, mai kallo ya kasa sakin jiki da kowa. The Third Man na 1949 yana cikin waɗanda suka yi suna, har Robert Krasker da ya ɗauke shi ya sami lambar Oscar. Gordon Willis kuma, wanda ya ɗauki The Godfather na 1972, ya riƙa haska Marlon Brando daga sama, ya bar idanunsa cikin duhu sau da yawa. Ga shi irin inuwar nan ce ta tsakar rana da mu ke kuka da ita, amma shi da gangan ya yi, don kada mai kallo ya san abin da ke zuciyar uban 'yan ta'addan. Bambancinsa da mai hoton da fuskoki suka ɓace masa shi ne, shi ya zaɓa, wancan kuwa tsautsayi ne ya zaɓa masa.

CIKO DA BAƘAR FATA

Maganar da a ke yi cewa baƙar fata ba ta karɓar hoto tana da tarihi. Daga tsakiyar shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa ba masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, don su daidaita launin injinansu da shi. Watau da farar fata aka yi awon. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa kukan masu sayar da cakulan da kayan katako, waɗanda kayansu masu ruwan ƙasa ba su fitowa daidai a talla, yana cikin abin da ya sa aka gyara fim ɗin. A 1995 aka fito da kati mai mata 3 masu launin fata dabam-dabam. Ashe laifin awo ne, ba na fata ba.

Gaskiya ne fata mai duhu tana mayar da haske kaɗan bisa ga farar riga, sabo da haka in ta shiga inuwa ta fi saurin ɓacewa. Amma maganin ba a tsananta mata fitila ba ne har ta yi toka-toka. Baƙar fata tana da sheƙi, da sheƙin nan siffarta ke fitowa. In an kawo ƙaramar fitila mai zafi, sai a sami tabo fari a goshi da kan hanci, sauran ya tsaya baƙi. In kuwa an kawo farin zane mai faɗi kusa, sai sheƙi mai laushi ya kwanta bisa kunci da goshi, launin fatar ya fito yadda Allah ya yi shi. Faɗin ciko ya fi ƙarfinsa amfani. Sa'an nan a sa kyamara ta auna fuskar, kada farar riga ta ruɗe ta. A waya, taɓa fuskar bisa gilashi kafin a danna ya kan wadatar.

Masu yi sun yi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa na hoto a Bamako a 1948, ya fi son ɗaukar mutane da hasken rana a tsakar gidansa, a hotunansa kuwa fuska da zanen atamfa kowanne yana fitowa sarai. A 2013 Bradford Young ya sami lambar yabo a bikin finafinai na Sundance, sabo da aikinsa a fim 2, ɗayansu Mother of George na Andrew Dosunmu ɗan Nijeriya, labarin waɗansu ma'aurata Yarabawa a Amurka. Ya bar baƙar fata da duhunta, bai kuwa bari ta ɓace ba.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

1. Kada a haska daga ƙasa da ƙarfi. Inuwar hanci ta kan juya sama, mutum ya yi kama da dodo.

2. Abin da ya mayar da haske ya kan ba shi launinsa. Koren zane ko ciyawa su kan sa haɓa ta yi kore, jar ƙasa ta sa ta yi ja. A shimfiɗa farin zane a ƙasa in ya kama.

3. Kada a haɗa fitila mai haske rawaya da mai haske fari bisa fuska guda, sai kunci 2 su yi launi 2.

4. Malamin da zai ɗauki darasi a bidiyo kada ya ba taga baya. Ya sa ta a gefensa, farin bango ko kwali a ɗaya gefen.

GWAJI DON AJI

Gani ya kori ji. Wannan gwaji ya dace da darasin kimiyya bisa haske, da na zane, har da na lissafi. Abin da a ke bukata: tocila 1, lemo ko ƙwallo, farar takarda, takardar azurfa, jan zane, da baƙin zane.

A rufe tagogi. A ɗora lemon bisa tebur, a haska shi daga gefe guda. Yara su faɗi abin da su ke gani a ɗaya gefen. Sa'an nan yaro guda ya kawo farar takarda sannu a hankali ta gefen duhun, sauran su ɗaga hannu da zarar sun fara ganin fatar lemon. A auna nisan da rula. A sake da takardar azurfa, da jan zane, da baƙin zane, kowane yaro ya zana abin da ya gani. Daga nan a tambaye su: in tocila ce rana, lemo ne wata, mece ce takardar? Yaron da ya amsa wannan ya fahimci darasin, kuma duk ran da ya dubi jinjirin wata zai tuna. Zai kuma gane dalilin da a ke shafa wa ɗakin karatu farar ƙasa, domin bango fari ciko ne ga littafin yaron da ke zaune nesa da taga.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin aikin babban haske da na hasken ciko?

2. Don me a ke kafa fitilar ciko kusa da kyamara?

3. Fitila 2 iri ɗaya ne. Babbar tana ƙafa 4 daga fuska, ta ciko tana ƙafa 8. Sau nawa gefen haske ya fi gefen inuwa?

4. An ce ka ɗauki hoton 'yan aji 40 da ƙarfe 12 na rana. Ina za ka tsai da su a harabar makarantarku, don me kuma?

5. Ka zaunar da abokinka kusa da taga, ka ɗauke shi hoto 3: ɗaya ba ciko, ɗaya da farin kwali nesa kaɗan, ɗaya da kwalin dab da kafaɗarsa. Ka nuna wa wanda bai san shi ba, ka tambaye shi wane irin hali ya ke zaton mai hoton yana da shi a kowanne, ka rubuta amsar da ya ba ka.